Kunci na uku: Abin da Kiristoci ke nufi da yafe wa maƙiyi, da nauyin da yafiyar ba ta sauke wa hukuma ba

Ranar Laraba, 29 ga watan Oktoban 2014, mayaƙan Boko Haram suka shiga Kwarhi, wani ƙaramin gari da ke kan hanyar Mubi a arewacin jihar Adamawa. A nan hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya take, wato cocin da aka fi sani da EYN, tare da makarantarta ta horar da fastoci. Ma'aikata da ɗalibai da iyalansu suka watse cikin daji da duwatsu, kowa da abin da ke jikinsa. A wannan rana ce kuma Mubi ta faɗa hannun mayaƙan, har suka sauya mata suna zuwa Madinatul Islam. Shugabannin cocin sai a Jos suka sami inda za su kafa tebur su ci gaba da aiki.

Watanni shida kafin nan aka sace 'yan mata 276 daga makarantar sakandaren Chibok, kuma mafi yawansu 'ya'yan wannan coci ne. A watan Yulin 2020, shugaban EYN na lokacin, Rabaran Joel Billi, ya tara 'yan jarida a Yola ya karanta musu lissafin asarar da suka yi tun farkon rikicin: mabiya sama da 8,370 da fastoci 8 sun rasa rayukansu, mutum fiye da 700,000 sun bar gidajensu, an ƙone ko an rushe majami'u 300 daga cikin 586.

Da wuya a sami wata ɗarikar Kirista a Nijeriya da wannan yaƙi ya ci kamar EYN. Duk da haka, abin da ya riƙa fitowa daga bakin shugabanninta shi ne kiran azumi da addu'a, da gargaɗin kada kowa ya rama a kan maƙwabcinsa Musulmi. Ga wanda ya tashi yana jin ana cewa rama cuta ga macuci ibada ne, wannan matsayi zai yi kama da tsoro, ko kuwa rashin yadda za a yi. Su kuwa masu shi cewa suke yi aƙida ce, kuma ita ce ƙashin bayan addininsu. Ya dace a san mene ne wannan aƙida, domin kalmar yafiya ta daɗe da barin majami'a da masallaci ta shiga bakin 'yan siyasa, kuma a can ba kullum ake nufin abu ɗaya da ita ba.

Daga gicciye aka fara

Duk maganar ta rataya ne a kan abin da Kiristoci suka gaskata ya faru a Urushalima a zamanin gwamnan Romawa Bilatus. A nan akwai saɓani na asali tsakanin addinan biyu, wanda kowane mai karatu ya sani: Musulmi sun yi imani cewa ba a kashe Annabi Isa ba, ba a kuma gicciye shi ba, Kiristoci kuwa sun yi imani an gicciye Yesu Almasihu, ya mutu, ya tashi a rana ta uku. Wanda ke son fahimtar yadda Kirista ke tunanin gafara sai ya tsaya na ɗan lokaci a inda Kiristan yake tsaye, ko da ba nan ne wurin tsayuwarsa ba.

A fahimtar Kirista, ɗan Adam mai laifi ne a gaban Allah, kuma laifin bashi ne da ba shi da abin biya. Allah bai yi kamar bai ga laifin ba, bai kuma bar mai laifin ya halaka ba. Yesu ne ya ɗauki nauyin a kansa, da son ransa, alhali ba shi ne ya ci bashin ba. Abin da ake kira ƙauna ta sadaukarwa ke nan: wanda aka yi wa laifi shi ne ya biya. Bisharar Luka ta ruwaito cewa yana kan gicciyen ya roƙa wa masu kashe shi gafara. Bisharu sun kuma ruwaito cewa a daren da aka kama shi, wani almajirinsa ya zare takobi ya sare kunnen bawan babban firist, Yesu ya tsawata masa ya hana shi ci gaba. Tashinsa daga matattu shi ne hujjar da Kirista ke riƙewa cewa wannan hanya ba faɗuwa ba ce, cewa mugunta ta yi iyakar abin da za ta iya, ta kashe marar laifi, amma maganar ba ta ƙare a hannunta ba.

Hausa ma ta yi wa wannan batu wani tanadi mai ban mamaki. Kalma ɗaya ce, fansa, muke amfani da ita wajen abubuwa biyu da suka yi hannun riga. Idan aka kashe wa mutum ɗan'uwa ya je ya kashe na wancan gida, sai mu ce ya ɗauki fansa. Idan aka sace mutum aka biya don a sako shi, sai mu ce an biya kuɗin fansa, an fanshe shi. Kiristocin da ke ibada da Hausa, waɗanda cikakken Littafi Mai Tsarki ya zo musu a harshen tun 1932, suna kiran Yesu Mai Fansa da ma'ana ta biyu. Aƙidar gaba ɗaya tana zaune a tsakanin waɗannan ma'anoni: duk ɓarnar da aka yi sai wani ya biya, tambayar kawai ita ce wane ne. Mai ɗaukar fansa yana tura bashin gaba, ya ɗora wa wani, shi ma wancan ya nemi wanda zai ɗora wa. Mai yafiya yana riƙe asarar a hannunsa ya ƙi miƙa ta ga kowa.

Daga nan sauran koyarwar ta fito. A Huɗubar kan Dutse, cikin Bisharar Matiyu sura 5, aka umarci mabiya da ƙaunar maƙiyansu da yi wa masu tsananta musu addu'a, a nan ne kuma maganar nan ta juya ɗaya kuncin ga mai mari take. Addu'ar Ubangiji, wadda kowane yaron Kirista ke haddacewa, ta ɗaure gafarar da mutum ke nema wajen Allah da gafarar da shi yake yi wa mutane. A sura 18 akwai misalin bawan da sarki ya yafe wa bashi mai ɗimbin yawa, shi kuma ya fita ya shaƙe abokinsa a kan 'yan kuɗi kaɗan, sai sarkin ya janye yafiyarsa. Manzo Bulus a wasiƙarsa zuwa ga Romawa sura 12 ya ce ramuwa aikin Allah ne, mai bi kuwa ya ciyar da maƙiyinsa idan yunwa ta kama shi, da alheri ake kayar da mugunta.

Mai karatu Musulmi zai ga abin da ya saba da shi a nan, zai kuma ga bambanci. A shari'ar Musulunci iyalan wanda aka kashe suna da haƙƙin ƙisasi, suna iya karɓar diyya, suna iya yafewa, kuma yafewar abar yabo ce mai lada. A koyarwar Kirista ba zaɓi ba ne aka ba wanda aka cuta. Wajibi ne a kansa, tun da shi ma yafe masa aka yi. Wannan ne ya sa abin ya yi nauyi, kuma shi ya sa Kiristocin kansu suka shafe ƙarnoni suna jayayya a kan iyakarsa.

Gidan da EYN ta fito

Mafi yawan ɗarikun Kirista ba su ɗauki waɗannan ayoyi a matsayin haramcin yaƙi ba. Tun daga Agustin, malamin nan na Arewacin Afirka da ya rasu a shekarar 430, zuwa Toma Akwinas a ƙarni na 13, aka gina ra'ayin cewa hukuma na iya yin yaƙi na adalci don kare marasa ƙarfi, bisa sharuɗɗa. Katolika da Angilika da galibin sauran manyan coci-coci a kan wannan suke. Amma akwai wani ƙaramin reshe da ya ce a'a, abin da Yesu ya faɗa haka yake nufi, mai binsa ba ya ɗaukar makami ko da hukuma ce ta ba shi. Menonayit da Kwaka da 'Yan'uwa su ne aka fi sani da wannan matsayi, har ake kiran su coci-cocin salama.

Labarin da wannan reshe ya fi riƙewa shi ne na Dirk Willems, mutumin Asperen a ƙasar Holan. An kama shi a 1569 saboda ya sake yin baftisma yana babba, abin da dokar lokacin ta haramta. Ya tsere daga kurkuku ya bi ta kan wani tafki da sanyi ya daskarar da samansa. Shi ya haye, amma mai bin sa ya burma cikin ruwan yana ihu. Willems ya juyo ya ciro shi. Aka sake kama shi a bakin tafkin, aka ƙone shi da rai ranar 16 ga Mayun wannan shekara. Masu ba da labarin ba sa ƙara masa wani ƙarshe mai daɗi, domin babu.

Ɗarikar 'Yan'uwa ta fara ne a 1708 a ƙauyen Schwarzenau na ƙasar Jamus, da mutum takwas ƙarƙashin jagorancin Alexander Mack, daga baya tsanani ya kora su Amurka. Daga can ne Stover Kulp da Albert Helser suka zo ƙasar Bura, suka yi sujada ta farko a gindin wata tsamiya a Garkida ranar 17 ga Maris, 1923. Suka buɗe makarantu da asibitoci a yankin Bura da Margi da Kibaku da Kamwe. Asibitinsu na Lassa ne ma inda wata ma'aikaciyar jinya, Laura Wine, ta kamu da wata baƙuwar cuta a 1969 ta rasu, cutar da duniya ta san ta yau da zazzaɓin Lassa. A 1972 cocin ya koma hannun 'yan ƙasa. Wato ƙaddara ce ta dasa ɗarikar da ta haramta wa kanta makami a kudancin Borno da arewacin Adamawa, a bakin dajin Sambisa, shekaru casa'in kafin dajin ya zama abin da ya zama.

Tambayar da matasa suka yi

Ba kowane Kirista a Arewa ya gamsu da wannan ba, kuma ƙarya ne a ce tarihin rikicin yankin tarihin yafiya ne. Tun daga rikicin Kafanchan na 1987 wata magana ta riƙa yawo a tsakanin matasan coci: an mare mu a dama, mun juya hagu an mara, kunci na uku kuma ba mu da shi. Maganar ta yi ƙarfi har wani malamin tauhidi daga Kudancin Kaduna, Sunday Bobai Agang, ya mayar da ita taken littafin da ya fitar a 2017, inda ya yi ƙoƙarin ba ta amsa. Bayan harin bam na ranar Kirsimetin 2011 a cocin Katolika na Madalla, shugaban ƙungiyar CAN na lokacin, Ayo Oritsejafor, ya fito ya ce Kiristoci za su kare kansu. A watan Maris na 2018, Janar T.Y. Danjuma ya tsaya a Jalingo ya faɗa wa mutanen Taraba haka nan, yana zargin sojoji da rashin tsayawa tsakani.

Wannan tambaya ba ta wasa ba ce, kuma wanda ba a taɓa ƙone wa gida ba bai kamata ya yi saurin amsa ta ba. Sai dai akwai tazara tsakanin tsare ƙofar gidanka da zuwa ƙofar wani, kuma Yelwan Shendam ta nuna yadda tazarar ke ɓacewa cikin mako guda. Ranar 24 ga Fabrairun 2004 aka kashe Kiristoci sama da 75 a garin, da yawansu a harabar coci. A ranakun 2 da 3 ga Mayu, mayaƙa daga ƙauyukan Kiristoci na kewaye suka zagaye garin, kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta Musulmin da aka kashe da kusan 700. Bayan kwana tara wutar ta tashi a Kano, inda mutum fiye da 200 suka mutu, galibinsu Kiristocin da ba su taɓa taka Yelwa ba. Ranar 18 ga Mayu Shugaba Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci a Filato. Ramuwar gayya, in ji masu iya magana, ta fi gayya zafi, amma karin maganar bai faɗi a kan wa take sauka ba. A kowane zagaye na wannan rikici, wanda ya biya ba shi ne ya ci bashin ba.

Wannan shi ne ɓangaren aƙidar da ko wanda bai yarda da gicciye ba zai iya auna shi da idonsa. A Arewa maso Gabas, wanda ramuwa za ta sauka a kansa ba Abubakar Shekau ba ne. Mai shagon da ke maƙwabtaka da kai ne, wanda wataƙila shi ma an kashe masa ɗa, tun da Boko Haram ba ta bar Musulmi ba. Harin babban masallacin Kano na 28 ga Nuwamban 2014, wata guda bayan faɗuwar Mubi, ya ci rayuka sama da ɗari. Ƙungiyar ta so ƙwarai rikicin ya rikiɗe ya zama yaƙin Musulmi da Kirista. A ganina, ƙin ramawar da EYN da ire-irenta suka yi yana daga cikin abubuwan da suka hana ta samun wannan buri, ko da yake ba a cika lissafa shi ba idan ana bayanin yadda yaƙin ya gudana.

Ba kuma zaman jiran tsammani suka yi ba. Tun kafin abin ya yi tsanani cocin ya haɗu da malaman Musulunci na Mubi suka kafa wata tafiyar zaman lafiya da ake kira CAMPI, wadda a 2016 ta sami lambar yabo ta Michael Sattler daga Menonayit na Jamus tare da EYN. Markus Gamache, ma'aikacin cocin, ya jagoranci kafa matsugunin Gurku a jihar Nasarawa, inda aka zaunar da 'yan gudun hijira Musulmi da Kirista wuri ɗaya da gangan, a lokacin da kowa ke neman nasa. Dakta Rebecca Dali, matar tsohon shugaban cocin Samuel Dali, ta shafe shekaru tana tattara sunayen waɗanda aka kashe, ƙungiyarta ta CCEPI kuma tana kula da zawarawa da marayu na addinan biyu, har da matan da suka dawo daga hannun mayaƙan da ciki ko goyo, waɗanda danginsu ke gudu. Aikin ya jawo mata lambar Sergio Vieira de Mello a Geneva a 2017.

Sai kuma Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban CAN na ƙaramar hukumar Michika. An sace shi a farkon Janairun 2020. A bidiyon da masu riƙe da shi suka fitar, ya roƙi gwamna da shugabannin coci su nemi a sako shi, ya ce ba a wulaƙanta shi ba, ya kuma gaya wa iyalinsa kada su yi baƙin ciki, domin komai a hannun Allah yake. Babu zagi ko tsinuwa a cikin maganarsa. Ranar 20 ga watan aka kashe shi.

Kada a ɗauka duk mabiyan cocin haka suke. A garuruwan da hukuma ta janye ta bar mutane, matasa sun shiga sahun 'yan banga da mafarauta, ba tare da neman fatawar fasto ba. A Michika kanta, bayan an ƙwato garin a farkon 2015, zargi ya yi yawa har kasuwar mako ta rabu biyu, Kiristoci suka koma ci ranar Asabar, Musulmi suka tsaya a Lahadi. Huɗuba kan shiga kunne a yini ɗaya, zuciya kuwa tana da nata lokacin.

Inda 'yan siyasa suka shigo

A nan ne maganar ta shafi kowa, Kirista da Musulmi. Akwai kuskuren da ake yawan yi, wani lokaci da gangan, na ɗaukar yafiya a matsayin soke hukunci. Koyarwar Kirista ba ta faɗi haka ba. Bulus ɗin da ya hana mai bi ramawa a sura 12, shi ne a sura ta gaba ya ce an ɗora wa mai mulki takobi don hukunta mai aikata mugunta. Wato an raba aikin gida biyu: wanda aka cuta ya sauke ƙiyayya, hukuma ta ɗauki shari'a. Hana mutum ramawa yana da ma'ana ne idan akwai wanda zai bi masa haƙƙinsa. Tuba ma ba baki kawai ba ne a wannan koyarwa. Zakka, mai karɓar harajin Yariko da Luka ya ba da labarinsa, da ya tuba sai ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu.

Misalan da duniya ta fi sani sun bi wannan layi. Fafaroma John Paul na Biyu ya yafe wa Mehmet Ali Agca, wanda ya harbe shi a watan Mayun 1981, har ya je ya same shi a kurkuku a Disambar 1983. Amma Agca ya ci gaba da zama a kurkukun Italiya har shekarar 2000, sannan ya ƙara wasu shekaru a na Turkiyya kafin a sake shi a 2010. A Charleston ta Amurka, wani matashi farar fata, Dylann Roof, ya kashe baƙaƙen fata tara a cocin Emanuel ranar 17 ga Yunin 2015, bayan sun karɓe shi cikin darasin Littafi Mai Tsarki. Kwana biyu bayan haka wasu daga cikin dangin mamatan suka tsaya a kotu suka ce sun yafe masa. Shari'a ba ta tsaya ba, an yanke masa hukuncin kisa a Janairun 2017. Wasu dangin ba su ce sun yafe ba, kuma marubuta baƙaƙen fata da dama sun yi ƙorafin cewa Amurka ta saba gaggawar neman yafiya daga wajensu don ta huta da tambayar abin da ya haifi irin su Roof.

Afirka ta Kudu ce ta yi ƙoƙarin mayar da wannan aƙida tsarin ƙasa, da hukumar gaskiya da sulhu wadda Akbishop Desmond Tutu ya shugabanta daga 1996. Ana yawan ambaton ta a Nijeriya kamar wata afuwar kowa-da-kowa ce. Ba haka ta kasance ba. Sharaɗin afuwa shi ne mai laifi ya fito ya faɗi duk abin da ya aikata, ya kuma nuna cewa dalilin siyasa ne. Daga cikin mutum 7,112 da suka nema, 849 kawai suka samu. 'Yan sandan da ke da hannu a mutuwar Steve Biko an hana su. Duk da haka iyalan Biko sun je kotu tun farko suna ƙalubalantar tsarin, bisa hujjar cewa afuwar ta tauye musu haƙƙinsu na neman shari'a a kotu. Kotun ba ta ba su gaskiya ba, amma tambayarsu tana nan.

Mu kuwa a nan mun ɗauki rabin darasin. Kwamitin Oputa da aka kafa a 1999, wanda Matthew Hassan Kukah ya yi wa sakatare, ya saurari koke-koke ya miƙa rahoto a 2002. Tsofaffin shugabannin soja uku, Buhari da Babangida da Abdulsalami, sun ƙi bayyana a gabansa, gwamnati kuma ba ta taɓa fitar da rahoton a hukumance ba. A 2016 aka buɗe shirin Operation Safe Corridor, mai sansani a Malam Sidi ta jihar Gombe, don gyara tunanin tubabbun mayaƙa a mayar da su cikin jama'a. Bayan mutuwar Shekau a 2021, dubban mayaƙa da iyalansu suka miƙa wuya a Borno. Akwai hujja mai ƙarfi a bayan wannan: da yawa daga cikinsu yara ne da aka sace aka tilasta, kuma babu yaƙin sunƙuru da ke ƙarewa idan mai son fita ba shi da ƙofa. An kuma yi wa wasu shari'a a barikin Wawa da ke Kainji tun daga 2017, amma mafi yawanta nesa da idon waɗanda aka cuta.

Abin da ya yi ƙaranci shi ne wurin da wanda ya yi laifi zai tsaya gaban waɗanda ya yi wa, ya faɗi abin da ya yi, ya nuna inda aka binne wane, ya ce ga abin da zai mayar. Maimakon haka, matar da ke sansanin gudun hijira tana ganin an koya wa tubabbe sana'a an ba shi jari, ita kuma an aiko mata da malami ko fasto ya yi mata wa'azin haƙuri. Sanata Ali Ndume, wanda mazaɓarsa ta haɗa da Chibok da Gwoza, ya sha sukar shirin a fili a kan irin wannan dalili. Idan jami'in gwamnati ya ce wa mutane su yafe su manta, yana aron kalmar addini ne ya biya bashin da ke kan ofishinsa. Ta fuskar aƙidar da muka bayyana, yafiya kyauta ce daga hannun wanda ya yi asara, kuma darajarta tana cikin tsadarta. Wanda bai yi asarar komai ba ba shi da abin da zai bayar, balle ya karɓa da ƙarfi ya raba.

Shugabannin EYN sun nuna sun san wannan bambanci. A taron Yola na 2020, Joel Billi bai tsaya ga lissafin gawarwaki ba. Ya nemi gwamnati ta tura jami'an tsaro garuruwan da aka bari a buɗe, ta sake gina abin da aka rushe, ta kuma ceto waɗanda ke tsare. Watanni biyar kafin nan mayaƙa sun shiga Garkida kanta sun ƙone majami'ar EYN ta garin da aka faro komai. Cocin ya koma Kwarhi, ya gyara gine-ginensa, a watan Maris na 2023 kuma ya yi bikin cika shekara ɗari. Da aka cika shekara goma da harin Chibok a Afrilun 2024, 'yan mata fiye da 80 ba su dawo gida ba.